Yadda ake kewaya doron Franconia a yini guda: hawa ta Falling Waters, saukowa ta Old Bridle Path

Dutsen Lafayette da ke jihar New Hampshire a arewa maso gabashin Amurka tsayinsa mita 1,600 ne kawai. Duwatsun Shere na kusa da Jos sun fi shi da sama da mita ɗari biyu. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai abin bai kai a rubuta masa jagora ba, kuma daga nan kuskuren yake farawa. Dutsen yana can nesa da tsakiyar duniya, inda iskar Kanada take kaɗawa ba abin da ya tare ta, har bishiya ma ba ta iya tsayawa a samansa. Mutane sun rasa rayukansu a kansa, cikinsu har da wata ɗaliba 'yar shekara 19 da sanyi da dusar ƙanƙara suka rutsa da ita a watan Nuwamba na 2022.

Duk da haka, in akwai tafiyar yini guda da zan ce wa ɗan'uwa mazaunin Boston ko New York ya yi kafin ya bar ƙasar nan, ita ce wannan. Za ka hau ta gefen rafi mai magangaran ruwa guda uku, ka fito kan doron Franconia, doron dutse mai kama da ƙatuwar kunyar gona da aka ɗaga sama, ka taka ƙololuwa uku a jere, wato Little Haystack da Lincoln da shi Lafayette, sannan ka sauko ta wata hanyar daban ka dawo daidai inda ka ajiye mota. Kewayen duka kilomita 14 ne da ɗoriya, hawan da za ka yi kuwa in an haɗa ya kusa mita 1,200.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne wannan: wahalar tafiyar tana cikin hawa da sauka, amma haɗarinta yana cikin kilomita uku ba kaɗan da ke tsakanin ƙololuwa ta farko da ta ƙarshe. A wannan tsakani babu inuwa, babu mafaka, babu ruwa, babu wata hanya ta gefe da za ka zille. Duk shirin da zan lissafa saboda wannan ɗan yanki ne.

Zaɓen rana

Lokacin da ya dace da baƙo shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba. A watan Mayu ƙasa ta yi kore, gari ya yi daɗi, amma ƙanƙarar da ƙafafu suka daddanne duk hunturu tana nan kwance a tsakiyar hanya cikin kurmi, ga kuma rafuka sun cika da narkakkiyar dusar ƙanƙara. Farkon Yuni lokacin wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne masu cizo, su suka fi sauro naci. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ganyaye suke rikiɗewa su koma ja da rawaya, kyawun ba ya misaltuwa, sai dai a lokacin ne kuma sama ke fara yin ƙanƙara alhali ƙasa ana yawo da riga ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Afrilu wannan wani aiki ne daban, na waɗanda suka koyi hawan hunturu, kuma ba shi nake bayani ba.

Kada ka dogara da hasashen yanayin da wayarka ke nunawa na garin Lincoln ko Franconia. Wannan na kwari ne. Cibiyar lura da yanayi ta kan dutsen Washington tana fitar da hasashe na musamman domin dogayen ƙololuwa, shi za ka duba da daddare, ka sake dubawa da asuba. Wannan cibiya ce ta auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ranar 12 ga Afrilu, 1934, kuma dutsen nata kana hango shi daga doron da za ka bi.

Hasashen da ma'aunin Amurka yake zuwa, don haka ka san fassararsa. Digiri 32 nasu shi ne sifili a namu, 50 nasu shi ne 10. Iska mai gudun mil 30 a awa ta kusa kilomita 50, tana tura mutum yana tangaɗi. Mil 40 zuwa sama, musamman in akwai ruwa ko hazo, shawarata ka fasa. Haka nan in an ambaci tsawa da rana. A ƙa'ida duk hawan mita dubu yana rage zafi da kusan digiri shida, iska kuma ta ƙara nata a kai, shi ya sa za ka bar mota kana gumi, ka isa sama hannunka ba ya iya ɓalle maɓalli.

In kana da hali ka je ranar aiki. Asabar ɗin bazara hanyar kamar ranar kasuwa take.

Jiki da kaya

Wanda bai taɓa hawan dutse ba kada ya fara da wannan. Ka yi makonni kana hawan matakalar bene da jaka a baya, ka gwada kanka a Blue Hills kusa da Boston, sannan dutsen Monadnock ko kewayen Welch da Dickey wanda bai wuce rabin wannan ba. In ka gama ɗayansu gwiwarka ba ta yi ƙara ba, to ka zo.

Batun sutura shi ne inda mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin mun tashi da sanin cewa auduga ita ce lafiyar jiki. A Kano ko Zinder haka ne, tana shan gumi ta sanyaya ka. A kan wannan dutse wannan sanyayawar ce ke kisa. Rigar auduga ko wandon jins in ya jiƙe da gumin hawa ba ya bushewa, ka fito cikin iska ya manne a jikinka yana zuƙe ɗumi. Ka sa yadin roba irin na jesin 'yan ƙwallo ko na ulu a jikin fata. A jaka kuma a samu suwaita mai kauri, rigar ruwa mai hula wadda iska ba ta ratsawa, hular sanyi da safar hannu, ko da a watan Yuli ne. 'Yan'uwa mata masu hijabi su zaɓi gajere na yadin wasanni wanda ke kama kai, domin mai yalwa iska tana cika shi ta rufe fuska a daidai inda ake buƙatar ganin ƙafa.

Takalmi ya zama mai taya mai kama dutse, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi ranar tafiya bororo ne kawai zai ba ka. Sandunan tafiya guda biyu ba dole ba ne, amma a ƙetare rafi da kuma saukowa za ka gode musu.

Ruwa lita biyu zuwa uku. Abinci wanda ba ya buƙatar zama: dabino, gyaɗa, burodi da cuku, ayaba, wani abu mai gishiri. Ka ɗauki fiye da abin da kake zaton za ka ci. Sai tocilan ta goshi da batir na ƙari, ko da ka yi niyyar dawowa da la'asar, domin wayar hannu ba tocilan ba ce, sanyi yana cinye cajinta, kuma ita ce abin kiran agajinka. Sai taswirar takarda ta ƙungiyar masu hawan dutse ta AMC (Appalachian Mountain Club) da kamfas, usur, filasta da bandeji, da ledar da za ka zuba sharar ka. In tafiyar ta faɗo Oktoba ko Mayu, ka ƙara da sarƙar nan mai haƙoran ƙarfe da ake ɗaura wa ƙasan takalmi.

Akwai wani abu da baƙi da yawa ba su sani ba. Dokar New Hampshire ta ba hukuma damar cajin mutum kuɗin ceto in an ga sakacinsa ne ya jawo. Hukumar kifi da namun daji ta jihar, wadda ita ke jagorantar ceto, tana sayar da kati mai suna Hike Safe da ke ɗauke wa mai shi wannan nauyi, sai fa in ganganci ya yi. Ana saya ta intanet, kuma kuɗin yana shiga asusun masu ceto. Yawancin waɗanda ke hawa cikin dare su ɗauko mutum a kan makara 'yan sa-kai ne, ka tuna da su lokacin da zuciyarka ke ce maka a ci gaba kawai.

Kafin ka fita, ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da sunayenta, da lokacin da in bai ji ka ba zai kira 911. Sabis ɗin waya a dutsen yana zuwa yana ɗaukewa. Kuma kada ka yi wannan tafiya da azumi a bakinka.

Isowa

Daga Boston tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a kan babbar hanya mai lamba 93, arewa sak. Hanyar tana tsukewa in ta shiga mashigin Franconia. Wurin da kake nema sunansa Lafayette Place. Filin ajiye motoci na masu hawa yana hannun dama ga wanda ya nufi arewa, akwai wani kuma a ɗaya hannun kusa da sansanin kwana, da ƙaramar hanya ta ƙarƙashin titi da ke haɗa su. A ƙarshen mako kafin ƙarfe takwas sun cika, wani lokaci tun bakwai. An hana ajiye mota a gefen titi. A lokacin cunkoso hukumar wurin ta saba tanadar motar jigila daga filin da ke gindin dutsen Cannon, ka duba shafinsu kafin ka taso.

Ka fara tafiya ƙarfe bakwai ko kafin haka. Mai ƙarfi yana gamawa cikin awa shida zuwa bakwai, sabon shiga ya ƙiyasta takwas zuwa tara. A Yuni rana tana kaiwa takwas da rabi ba ta faɗi ba, amma a tsakiyar Oktoba ƙarfe shida duhu ya fara, kuma cikin kurmi ya fi saurin shiga. Ka yanke wa kanka lokaci tun a mota: in ƙarfe goma sha biyu ta yi ban kai ƙololuwa ta farko ba, zan juya.

Hawa ta gefen ruwa

Hanyoyin biyu tare suke farawa. Bayan kamar mita ɗari uku suke rabuwa: Old Bridle Path ta yi hagu, Falling Waters ta yi dama ta haye gada a kan rafin Walker. Ka bi dama. Akwai masu yin kewayen ta ɗaya ɓangaren, kuma suna da hujjarsu, domin wurin hutawa da ruwan sha yana zuwa musu kafin doro. Ni dai ban yarda da saukowa ta Falling Waters ba. Duwatsunta a jiƙe suke kullum, kuma hawa jiƙaƙƙen dutse da ƙafa mai ƙarfi da safe ya fi sauka a kansa da ƙafar da ta gaji da yamma. Mafi yawan raunin da ake ji a wannan hanya zamewa ce.

Alamar hanyar shuɗin fenti ne a jikin bishiyoyi. Bayan kamar kilomita ɗaya za ka iso wani rafi da ake kira Dry Brook, wato busasshen rafi, ko da yake ban taɓa ganinsa a bushe ba. Za ka ƙetare shi sau da dama ba gada, daga dutse zuwa dutse. A nan ne za ka yi hukunci na farko. In an kwana ana ruwa, ka ga ruwan ya rufe duwatsun takawa yana kumfa, kada ka shiga. Ka koma mararraba ka hau ta Old Bridle Path, ka sauko ta ita. In ruwan daidai ne, ka kwance igiyar jaka ta ƙugu, ka kafa sanda, ka taka saman dutse inda ya bushe, ka guji mai gansakuka.

Magangara ta farko ana ce mata Stairs, ruwan yana saukowa hawa-hawa kamar matakala. Ta biyu Swiftwater, za ka ƙetare a gindinta. Ta uku, Cloudland, ita ce sarauniyarsu, tsayinta ya kai mita 24, tana faɗowa siririya daga sama tana bajewa a ƙasa kamar an shanya farin mayafi. Ka tsaya ka sha ruwa ka ci wani abu a nan. Hanyar tana hawa ta gefen hagunta a kan dutse mai santsi, ka yi amfani da hannu, kuma kada ɗaukar hoto ya kai ka bakin gaɓa.

Daga nan ruwa ya ƙare, aiki ya fara. Kusan kilomita uku na hawa cikin kurmin bishiyoyi masu ganyen allura, hanya tana lanƙwasa hagu da dama, babu abin kallo sai saiwa da dutse. A nan mutane ke ƙona ƙarfinsu. Ka yi tafiyar da za ka iya hira a cikinta ba tare da haki ba, in magana ta gagara to ka yi sauri da yawa. Ka cire suwaita kafin gumi ya jiƙa ta. Duk awa ka ci ɗan abu ko ba ka ji yunwa ba.

Kusa da sama akwai allo mai nuna Shining Rock, 'yar gajeriyar hanya zuwa wani faffaɗan falalen dutse da ruwa ke tsattsafowa a kansa yana ƙyalli. Kallonsa daga gindi ba laifi. Hawansa kuwa haramun ne ga mai son ransa, an sha faɗowa daga kansa.

Za ka lura bishiyoyi suna gajarcewa, daga tsayin soro su koma tsayinka, su koma iya gwiwa, a murɗe kamar an danne su. Iska ce ta yi musu haka. Kafin ka fita daga cikinsu ka tsaya, ka sa suwaita da rigar iska da hula, ka ci abinci, ka sha ruwa. Sa riga a fili cikin iska wahala ce, kuma safar hannu in ta suɓuce ta tafi ke nan.

Little Haystack, inda ake yanke shawara

Kilomita biyar daga mota, bayan hawan mita ɗari tara, za ka fito kan Little Haystack, mita 1,451. Abin da zai tarye ka ba na jin akwai mai manta shi. Gabas, dajin Pemigewasset ne shimfiɗe, tudu bayan tudu, ba titi ba rufin gida. Yamma, dutsen Cannon da tsayayyen bangonsa, inda wata siffar fuskar tsoho ta dutse ta daɗe tana leƙen kwari har ta rufto a watan Mayu na 2003, ga shi har yau tana jikin lambar motocin jihar. Arewa kuma doron ne, siririyar hanya tana bin gadon bayansa zuwa dutsen Lincoln, ƙololuwa ta biyu.

Kada kyawun ya ɗauke maka hankali daga abin da ya kawo ka wannan wuri. Ka tsaya minti biyar ka amsa tambayoyi huɗu da gaskiya. Kana ganin Lincoln sarai ko gajimare ya rufe shi? Kana iya tsayawa cak ba tare da iska ta gusar da kai ba? Yamma, inda yanayi ya fi zuwa daga can, akwai hadari yana haɗuwa? Mafi rauni a cikinku, yaya ƙafarsa da fuskarsa? In ɗaya daga ciki ta ba ka shakka, bishiyoyi suna bayanka taku kaɗan, ka koma cikinsu ka sauka a hankali. Ka riga ka ga abin da mutane da yawa ba su taɓa gani ba.

Na taɓa juyawa daga nan a wata Satumba. Hazo ya taso daga kwari cikin 'yan mintoci har tarin duwatsun da ke gabana ya ɓace, abokin tafiyata kuma ya fara rawar ɗari. Mun ji zafin abin, domin tun ƙarfe huɗu na asuba muka baro gida. Da muka sauko ƙasa rana ce tar, wanda bai hau ba ba zai yarda da labarinmu ba.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan: da zarar ka wuce Lincoln, komawa da ci gaba duk nisa ne, kuma mafita ta gaba tana bayan ƙololuwa mafi tsawo, inda iska ta fi ƙarfi. Gangaren hagu da dama kuwa ba hanya ba ne. Wanda ya ce zai yanke ta nan ya tsere wa iska zai faɗa cikin sarƙaƙƙen gajerun bishiyoyi da kwazazzabai, inda masu ceto ke shan wahalar gano mutum.

Kan doro

In komai lafiya, ka juya hagu, arewa. Dama tana kai wa Liberty da Flume, ba can za ka ba. Yanzu kana kan wani yanki na hanyar Appalachian, doguwar hanyar ƙafa da ta taso daga jihar Georgia ta ƙare a Maine, alamarta farin fenti. Za ka iya haɗuwa da masu bin ta tun daga farko, watanni suna tafe, za ka gane su da ramewa da saurin ƙafa.

A fili alamar da ta fi amfani ita ce tarin duwatsu da aka jera kamar dala. Cikin hazo ƙa'idar ita ce kada ka bar tari ɗaya sai ka hango na gaba. In kuna da yawa, ɗaya ya tsaya a na baya har na gaba ya samu sabon. Kada ka ƙara musu dutse, kada ka gina naka.

Za ka ga an jera ƙananan duwatsu a gefe biyu na hanya kamar iyakar gona. Ba ado ba ne. Tsire-tsiren da ke wajen wannan iyaka irin na yankin ƙanƙara na can arewacin duniya ne, sun rage a nan tun bayan janyewar ƙanƙarar zamanin da. Akwai wani mai kama da matashin kai kore da ke fitar da fararen furanni a Yuni, yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya kai faɗin tafin hannu. Yana jure sanyin da zai kashe mutum, amma ba ya jure takalmi. In za ka kauce wa wani, ko ka zauna, ko ka yi salla, ka nemi dutse tsirara. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin na ga inda ƙafafu suka mayar da gefen hanya tsakuwa zalla, kuma ba a zamaninmu zai farfaɗo ba.

Daga Little Haystack zuwa Lincoln kilomita ɗaya ne da 'yan kai. Nan ne doron ya fi tsukewa, akwai wuraren da za ka dafa dutse, amma babu inda ake buƙatar igiya, kuma mai tsoron tsayi in ya bi a hankali zai wuce. Lincoln mita 1,551 ne, sunan shugaba Abraham Lincoln aka sa masa. Da yawa suna isa nan su ɗauka sun gama, sai su hango Lafayette can gaba. Saura kilomita ɗaya da rabi, da ɗan gangare, da wani tudu a tsakiya da ke yaudarar ido, sannan hawan ƙarshe.

A wannan tsakani ka riƙa duban abokan tafiyarka. Sanyi in ya fara cin mutum ba ya sanin kansa. Alamunsa rawar jiki, tuntuɓe, harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa zuge zif, mutum ya yi shiru ko ya riƙa faɗa ba dalili. Ko a tsakiyar bazara yana faruwa in ruwa da iska suka haɗu. Ka ja shi bayan dutse, a cire jiƙaƙƙiyar riga a sa busasshiya, a ba shi abu mai zaƙi, a ci gaba da motsi zuwa ƙasa. In kuma ka ji tsawa, ko daga nesa ne, ka nufi iyakar bishiyoyi mafi kusa ba tare da jira ba. A kan doron nan kai ne abu mafi tsawo.

Lafayette an sa masa sunan janar ɗin Faransa da ya taimaki Amurkawa a yaƙin neman 'yanci, wanda ya dawo ziyara a 1824. A samansa akwai ragowar harsashin wani tsohon masauki na ƙarni na 19, katangar tana tare iska, wurin cin abinci ne mai kyau. In sama ta washe za ka ga dutsen Washington a gabas maso arewa, mita 1,917, ka ga duwatsun jihar Vermont a yamma, ka waiga kudu ka ga duk doron da ka bi kwance kamar bayan raƙumi. Masu neman alƙibla su fuskanci arewa maso gabas, kusan digiri 60 daga arewa. Wanda ya taso daga Boston matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, kuma in iska ta yi yawa gara ya bari sai ya sauka ƙasa kaɗan.

Saukowa, da mararraba biyu masu ɓatar da mutane

A kan Lafayette hanya ta rabu. Farin fenti ya ci gaba arewa zuwa Garfield, cikin daji mai nisa. Kai hagu za ka yi, yamma, kan hanyar Greenleaf. Ka karanta allon da idonka, kada ka bi bayan wani don kawai ya yi gaba. Cikin hazo ka fito da kamfas ka tabbatar yamma ka nufa. Kuma kada ka saki jiki, domin kusan kilomita ɗaya na farkon gangaren har yanzu fili ne, kuma shi ke fuskantar iskar yamma kai tsaye.

Ƙasa da kilomita biyu za ka wuce wani ɗan tafki mai suna Eagle ka iso masaukin Greenleaf, a kusan mita 1,290. Ƙungiyar AMC, wadda aka kafa a 1876, ita ke tafiyar da shi tun 1930. Daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Oktoba akwai ma'aikata, akwai ruwan sha, akwai ban-ɗaki, kuma sukan sayar da miya mai zafi da ɗan gasasshen abin ci, don haka ka riƙe 'yan daloli a aljihu. Ka tambayi abin da ke cikin miyar, za su gaya maka. Sharar ka kuwa da ita za ka sauka. Ana iya kwana in an yi rajista tun da wuri, kuma ga mai yara ko mai son raba tafiyar gida biyu dabara ce mai kyau. Da hunturu a rufe yake, kada ka sa shi cikin lissafi.

A bakin masaukin mararraba ta biyu take. Hanyar Greenleaf ta ci gaba da sauka, amma tana fita ne kusa da Cannon, kilomitoci daga motarka. Kai Old Bridle Path kake nema, ta hagu. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da ake hawa da baƙi a kan dawaki.

Saura kilomita biyar ba kaɗan, kuma su ne mafi tsawo a zuciya. Farkonsu wasu tudu uku ne masu tsauri da ma'aikatan masaukin suka laƙaba wa sunan azaba, domin ta nan suke hawa da kayan abinci a bayansu. Akwai wani jan dutse mai santsi ko ba ruwa, ka zauna ka sauka da mazaunai in ya kama, ba abin kunya ba ne. Ka gajarta taku, ka tsawaita sanduna, ka ɗaure igiyar takalmi sosai don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Kafin rabin hanya akwai wasu faffaɗan duwatsu a bakin kwarin Walker, daga nan za ka ɗaga kai ka ga ƙololuwa ukun a jere, ka yi mamakin cewa ƙafarka ce ta bi ta can ɗazu. Ka zauna nan ka cinye sauran dabinon.

Daga nan hanya tana laushi, bishiyoyi suna tsawo, ƙarar motoci tana ƙaruwa, har ka dawo mararrabar gadar safe. In ka isa mota, kafin ka cire takalmi, ka kira wanda ka bar wa saƙo a gida. Ka canza riga, ka ci abinci mai nauyi a garin Lincoln ko Woodstock, kuma in barci yana fizgarka kada ka kama hanyar Boston, ka kwanta rabin awa tukuna. Da magariba a wannan yanki wata ƙatuwar dabbar dawa mai suna mus, wadda ta fi doki tsayi, takan fito kan titi, jikinta duhu ne, fitila ba ta saurin nuna ta, don haka ka rage gudu har ka fita daga cikin duwatsu.